Gashin Akuna Yana Zuba, Har Fatar Ƙeyarsa Ta Bayyana

Wata Hajiya daga Tudun Wada a Gusau ta aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina da aku kore, irin wanda ake kira ekilektas, wanda maigidana ya sayo mini a Legas shekara huɗu da suka wuce. Tun shigowar hunturun bana gashinsa yake zuba, kullum sai na share tuli a ƙarƙashin keji, yanzu har ana ganin fatar ƙeyarsa da ta wuyansa, kuma wasu fararen tsinkaye sun fito masa a ka. A 'yan kwanakin nan na ga yana yawan sa baki a ƙirjinsa. Abincinsa gero ne da gyaɗa, sai ɗan abin da muka ci. Muna da kaji da tantabaru a tsakar gida, kuma wata biyu da suka wuce yara suka sayo tsirya biyu a kasuwa. Wasu sun ce kambun baka ne, wasu sun ce in shafa masa man kaɗanya in zuba masa kafson kaji a ruwa. Ni da yara hankalinmu ya tashi, ga mutane suna yi mini dariya wai ina damuwa a kan tsuntsu. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya, ya kwantar da hankalinki da na yara. Kada dariyar mutane ta sa ki ji kunyar damuwarki, domin duk abin da mutum ya tsare a keji amana ce a wuyansa, ba shi da ci ba shi da sha sai abin da aka miƙa masa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, bai ɗauki abin da ke ran yaron a matsayin shirme ba. Batun kambun baka kuwa, addu'a ba ta taɓa zama asara ba, ki yi wa akun ki yi wa gidanki, amma ki haɗa da neman sanadi, tun da abin da kika bayyana yana da dalilan da ido zai iya gani.

Kafin komai ina roƙonki ki ajiye man kaɗanyar nan da kafson a gefe. Gashin tsuntsu yana riƙe masa ɗumi ne saboda iskar da ke maƙale a tsakanin silinsa, kuma da zarar mai ya taɓa shi sai ya manne ya daina wannan aiki, tsuntsun ya kwana cikin sanyin hunturu ba kariya. Aku kuma ba ya jure maiƙo a jikinsa. Zai yi ta ƙoƙarin cire shi da baki, ya haɗiye wani, ya tsinke gashin da ya manne, daga nan ne wasu suke koyon fige kansu. Man ja da basilin duk hukuncinsu ɗaya, kalanzir da fiya-fiya kuwa suna iya kashe shi a yini guda. Shi kuma kafson da ake zuba wa kaji maganin ƙwayoyin bakteriya ne, ba ya tsirar da gashi ko ɗaya, kuma idan aka ba shi ba bisa ƙa'ida ba yana kashe ƙwayoyi masu amfani a hanji, ya buɗe wa wata cutar hanya. Sau da yawa ma ɗacinsa kan sa tsuntsu ya ƙaurace wa ruwan gaba ɗaya, a daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Zubar gashi a karan kanta ba cuta ba ce. Kowane tsuntsu yana sake gashi, aku kan yi sau ɗaya ko sau biyu a shekara, wani kuma yana yi kaɗan-kaɗan ba yankewa. Sabon gashi ne yake tasowa daga cikin fata ya turo tsohon waje, kuma fararen tsinkayen da kika gani a kansa su ne sababbin, kowanne a naɗe cikin ɗan kubensa. Muddin gashin yana girma akwai jini a gindinsa, shi ya sa za ki ga wajen ya yi duhu, kuma taɓa shi yana yi wa tsuntsun ciwo. Idan ya gama girma sai jinin ya janye, kuben ya bushe ya marmashe ya zama farin gari, gashin ya buɗe. Fitowar waɗannan tsinkaye ita ce abu mafi daɗi a cikin wasiƙarki, domin tana nuna ramukan gashin suna da rai kuma suna aiki. Masu kiwon ekilektas sun san cewa wasunsu kan yi sake mai nauyi a ka da wuya, har fata ta bayyana na ɗan lokaci kafin sabon gashi ya rufe ta. Aikin yana cin jiki ƙwarai, domin kusan kashi 90 cikin 100 na gashin tsuntsu furotin ne, saboda haka kada ki yi mamaki idan ya rage surutu, ya yawaita gyangyaɗi, ko ya kai wa yatsan yaro cizo alhali da ba halinsa ba ne.

Sai dai ba kowace zuba ce sake ba, kuma gashin da kike sharewa kullum zai iya gaya miki gaskiyar lamarin fiye da kowa. Gobe da safe, kafin a yi shara, ki tsince shi ki zuba a kan farar takarda, ki fita da shi hasken rana ki duba gindin kowanne ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗi don lokacinsa ya yi za ki same shi cikakke daga sama har ƙasa, gindinsa busasshe, fari tas, ba komai a cikinsa, ƙarshensa kuma ya tafi sumul. Wanda akun ya tauna za ki ga an datse shi a tsakiya, ko gefensa ya yi kaca-kaca, ko kuma an bar sandar kawai ba sili. Wanda ya fizge da ƙarfi yakan fito da ɗigon jini ko ɗan ɓallin fata a ƙarshensa. Akwai kuma nau'i na huɗu wanda nake so ki sa wa ido sosai, wato gajeren gashi da bai gama girma ba ya faɗi, gindinsa a tsuke kamar an ɗaure shi da zare, ko a murɗe, ko da baƙin busasshen jini a cikin sandarsa. Ki kuma duba fukafukan, domin a sake na lafiya idan babban gashi ya faɗi daga dama, ɗan'uwansa na hagu yakan biyo baya ba da daɗewa ba. Ki adana abin da kika tsinta a cikin ambulan, zai yi amfani a gaban likita.

Wurin da gashin ya zube shi ma yana da magana. Aku ba ya iya kai bakinsa kansa ko ƙeyarsa, saboda haka tsuntsun da ke zaune shi kaɗai a keji ba zai fige wajen ba, iyakarsa ya sosa da ƙafa ko ya goga a jikin ƙarfe. Mai fige kansa akan gan shi da kai cike da gashi mai kyau, amma ƙirji da cinyoyi da ƙarƙashin fukafukai sun zama fili. Bisa abin da kika rubuta, abin da na fi zato shi ne abu biyu ne suka haɗu wa akunki. Yana cikin sake mai nauyi a kan busasshiyar fata da jikin da bai samu abincin da ya dace da shi ba, sannan ƙaiƙayin da hakan ya jawo ya sa ya fara matsa wa ƙirjinsa. Ƙirjin nan ya fi ƙeyar damuna, duk da cewa ƙeyar ce ta fi tayar miki da hankali. Fige kai yakan fara da ƙaiƙayi ya ƙare a ɗabi'a, kuma ekilektas yana cikin akun da suka fi saurin faɗawa cikinta. Idan aka daɗe ana fizgar gashi daga rami ɗaya, ramin yakan mutu, gashi ba zai ƙara fitowa a wajen ba har abada. Yanzu da abin yake farawa ne ake iya tare shi.

Duk da haka ba zan ɓoye miki batun tsiryoyin nan biyu ba. Akwai wata cuta ta dangin aku da ake kira cutar baki da gashi, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da PBFD. An fara bayyana ta a Ostireliya a shekarun 1970, ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma tana yaɗuwa ta garin gashi da kashi da abincin da tsuntsu ya amayo wa ɗan'uwansa. Ƙwayar tana daɗewa a jikin keji da kwano ba ta mutu ba, kuma an same ta a jikin tsirya a ƙasashe da dama, har da na Afirka ta Yamma. Tsirya tana iya ɗauke da ita tana cin abincinta lafiya lau. Gashin nan mai tsukakken gindi da na ambata shi ne babbar alamarta, tare da sababbin tsinkaye da suke fitowa su faɗi ba su buɗe ba, wani lokaci kuma baki ya yi tsawo ya riƙa tsagewa. Har yau ba ta da maganin warkewa, sai dai kulawa, amma ta fi kama tsuntsayen da ba su kai shekara 3 ba, naki kuwa ya wuce nan, kuma manya da yawa jikinsu yakan yaƙe ta. Ido ba ya tabbatar da ita, sai likita ya ɗebi ɗigon jini ko sabon gashi ya aika ɗakin da ake gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar cutar kanta. Tun daga yau ki raba su, tsiryoyin a wani ɗaki dabam, kowa da kwanonsa, a fara hidimar akun kafin tasu, a kuma wanke hannu da sabulu a tsakani. Ƙa'ida ita ce duk sabon tsuntsu a keɓe shi aƙalla kwana 30 kafin ya kusanci na gida. Ki hana yara share busasshen kashin tsuntsayen haka nan, a yayyafa ruwa tukuna, domin akwai zazzaɓin aku wanda mutum yake ɗauka ta hanyar shaƙar wannan ƙura.

Kaji da tantabaru kuwa abin da suke kawowa ƙuma ce, musamman jar ƙumar nan da take ɓuya a tsaga da rana ta fito shan jini da dare. Mutane sun fi saurin ɗora mata laifi fiye da yadda take da shi a jikin aku, amma gwada ta ba wuya. Ki rufe kejin da farin ƙyalle da dare, da asuba ki ɗaga ki haska cikinsa da tocila. Idan kika ga ƙananan ɗigo ja ko baƙi suna motsi, to akwai ta. Sai a nisanta kejin daga akurki, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana, magani kuma likita ne zai auna gwargwadon nauyin tsuntsun. Hodar ƙwari da ake barbaɗa wa kaji ba ta aku ba ce.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne tushen matsalar. Asalin wannan tsuntsu dazuzzukan Niyu Gini ne da tsibiran Solomon da tsibiran Maluku na Indunusiya, da wani ɗan yanki a ƙuryar arewa maso gabashin Ostireliya. Namijin kore ne mai baki ruwan lemu, macen ja ce mai baƙin baki, bambancin da ya sa masanan Turai suka daɗe suna ɗaukarsu nau'in tsuntsu biyu dabam-dabam. Can inda Allah ya ajiye su ruwan sama ba ya nisa, damshin iska yakan wuce kashi 70 cikin 100, ganye kullum a jiƙe, tsuntsun yana wanka a cikinsa. A Gusau kuwa cikin Disamba da Janairu damshin yakan sauka ƙasa da kashi 20, ga ƙura, sannan bazara ta biyo da zafin da ke haura digiri 40. Gashin ekilektas siriri ne mai laushi, ya fi kama da suma, kuma ba shi da yawan farar hodar da ke jikin aku mai ruwan toka wanda muka saba da shi. A irin wannan iska fatarsa takan bushe, kuben sababbin gashin ya yi tauri ya ƙi marmashewa, ƙaiƙayi ya hana shi sukuni.

Maganin wannan ruwa ne, tsabtataccen ruwa mai ɗan ɗumi ba a sa masa komai ba. Ki samu sabuwar kwalbar feshi wadda ba a taɓa zuba mata wani magani ba, ki riƙa fesa masa kullum da hantsi, lokacin da rana ta ɗaga sanyi ya sake. Ki fesa sama da kansa ruwan ya sauko masa a hankali, kada ki nufi fuskarsa. Idan ya buɗe fukafukai ya sunkuyar da kai yana karkaɗa jiki, to ya ji daɗi, ki ci gaba har ya jiƙe. Idan ya tsorata ki dakata, ki ajiye masa faranti mai faɗi da ɗan ruwa, ko ki rataya masa jiƙaƙƙen ganyen latas ya goga jikinsa. Kada a yi masa wanka da yamma a hunturu, domin dole ya bushe sarai kafin dare. Bayan wankan ki bar shi ya sha hantsi na minti 20 zuwa 30 a waje, rabin kejin a inuwa, wani kuma yana kusa saboda kyanwa da shirwa. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya ba shi bitamin D, sai rana ta taɓa shi kai tsaye. A ɗakin da yake kwana ki ajiye baho da ruwa, ki rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da kejin, ki kuma kawar da shi daga bakin ƙofar da iskar hunturu take bugowa.

Abinci shi ne inda gyara ya fi yawa, kuma a nan nake so ki fi ba da ƙarfi. A daji ekilektas ɗan itace yake ci, da ɓaure da furanni da tohon ganye, ƙwaya kaɗan ce a cikin cimarsa. Gero da gyaɗa ba su da bitamin A na a zo a gani, alhali shi ne yake gyara fata da hanyar numfashi, kuma ƙarancinsa na daga cikin cututtukan da aka fi gani a jikin akun da aka tsare a kan hatsi. Gyaɗa tana da wata illar kuma, domin maiƙonta yana taruwa a hanta, wadda ta yi fumfuna a ajiya kuwa tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hantar. Idan kika ga koren gashinsa yana dusashewa, ko baƙi-baƙi yana shiga cikinsa, ko rawayen gashi yana fitowa inda da babu, ki gaya wa likita ya duba hanta. Abin farin ciki shi ne hunturu lokacin kayan lambu ne, abin da akunki yake bukata yana nan a kasuwa da araha: karas da jan tattasai da kabewa da gwanda da gwaiba da kankana, da ganyen zogale da alayyafo, dankalin Hausa mai jan ciki idan an samu a dafa masa, mangwaro kuma idan lokacinsa ya zo. Jikinsa yana juya wani sinadari da ke cikin yawancin waɗannan kayan zuwa bitamin A daidai bukatarsa. Ko barkono kika ba shi zai ci, domin tsuntsu ba ya jin yaji. Waɗannan su zama mafi yawan abincinsa, kayan lambu su rinjayi masu zaƙi, gero ya koma ɗan cokali da yamma. Saboda sabon gashin da yake ginawa, ki ƙara masa wake da aka dafa ya nuna sosai ba gishiri ba kanwa, da ɗan yankin dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Ɗanyen wake guba ne a gare shi.

Tsuntsun da ya shekara huɗu a kan gero ba zai karɓi karas rana ɗaya ba, kuma kuskure ne a hana shi abin da ya sani don yunwa ta tilasta shi, domin aku yana iya ƙin ci har ya galabaita. Ki yanka kayan ƙanana ki cakuɗa da ɗan geron, ki ba shi da sassafe lokacin da yunwarsa ta fi ƙarfi, ki kuma ci wani a gabansa, saboda aku yana kwaɗayin abin da ya ga na gida suna ci. Zai zubar da yawa a farko, kada ki karaya. Abin da ya rage bayan awa 2 ko 3 a kwashe kafin ya lalace. Kashinsa zai ƙara ruwa, wani lokaci ya ɗauki launin abin da ya ci, wannan ba zawo ba ne.

Na san za a ce miki ki sayo bitamin na ruwa ki ɗiga masa, kuma ina ba ki shawara kada ki yi sai da izinin likita. Ekilektas ya sha bamban da sauran aku a nan, domin masu kiwonsa sun daɗe da lura cewa yawan bitamin na kanti da abincin gwangwani mai rini suna jawo masa wata matsala, inda yatsunsa suke buɗewa suna rufewa da kansu, fukafukansa kuma suna zabura ba da sonsa ba. Daga cikin abincin gida kuma a daina ba shi miya da duk abin da ya ji gishiri ko magi ko mai. Fiya da cakulan da albasa da shayi da kofi duk haramun ne a gare shi, haka ma goro, wanda na ambata musamman saboda baƙi suna son miƙa wa aku ɓallin goro don su ji ya yi magana.

Ki duba iskar da yake shaƙa da kejin da yake ciki. Huhun tsuntsu ya fi na mutum saurin ɗaukar guba nesa ba kusa ba, saboda haka turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da na fesawa da hayaƙin janareta da na gawayi duk a yi su nesa da shi, kada a mayar da shi ɗaki sai iska ta wanke wajen. Kaskon suya mai rufin Teflon, wato irin wanda abinci ba ya mannewa a cikinsa, idan ya yi zafi fiye da kima yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin mintuna, don haka kicin ba wurin zamansa ba ne. Idan kejin na ragar waya ce irin ta akurkin kaji, ko an shafa masa tsohon fenti, akwai haɗarin zinki da dalma, domin aku da baki yake hawa, kullum yana lasar ƙarfen. Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, tun abin da ya sami yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. A jikin tsuntsu ɗan kaɗan ya isa ya kawo kasala da amai da lalacewar gashi.

Game da ƙirjin, abin da za ki yi da abin da za ki bari duk suna da muhimmanci. Idan kika gan shi yana jan gashi kada ki daka masa tsawa, kada kuma ki rugo da lallashi, domin aku yana da wayon gane abin da ke jawo masa hankalin mutane, sai ya maimaita. Ki ba bakinsa aikin yi: ɗanyen reshen gwaiba da aka wanke, ganyen kaba da zai yayyaga, ɗanyar masara a jikin totuwarta, abinci a ƙunshe cikin takarda wanda sai ya yi wahala kafin ya kai gare shi. A daji yini yake yi yana neman abinci, a keji kuwa cikin 'yan mintuna ya ƙoshi, sauran yinin ba shi da abin taɓawa sai jikinsa. Yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru, abin da ba zai samu ba idan kejin yana falo ana kallon talabijin har tsakar dare. Ekilektas tsuntsu ne mai sanyin hali wanda hayaniya take damunsa ko da bai nuna ba, kuma zuwan tsiryoyin da komawar hankalin yara kansu na iya zama wani ɓangare na damuwarsa. Duk mai taɓa shi ya wanke hannu daga man shafawa da turare da maiƙon girki, shafar kuma ta tsaya a ka, a bi kwanciyar gashin a hankali saboda tsinkayen, ban da baya da ƙarƙashin fukafukai. Idan sabon gashi mai jini ya karye, ki danna wajen da tsabtataccen ƙyalle da ɗan garin masara, in jinin bai tsaya ba cikin 'yan mintuna a nemi likita nan take, domin jinin jikinsa duka ba shi da yawa.

Ki samu ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram ki riƙa auna shi sau ɗaya a mako, da safe kafin ya ci, kina rubutawa. Irinsa kan kai giram 350 zuwa 550 gwargwadon yankin da ya fito, amma abin lura shi ne kada nauyinsa ya riƙa sauka, kuma raguwar kashi 10 cikin 100 dalili ne na ganin likita ko da yana ci. Ki ɗauki hoton kansa da ƙirjinsa duk ranar awon, a wuri ɗaya da haske ɗaya, saboda mai ganin tsuntsu kullum ba ya gane canji. Idan sake ne kawai, cikin wata ɗaya zuwa biyu za ki ga tsinkayen sun buɗe, kore ya rufe ƙeyar, amma cikakken kyan gashin da sabon abinci zai kawo sai a sake na gaba.

Saboda tsiryoyin, ina ganin ya kamata likitan dabbobi ya gan shi ko da kin ga sauƙi. Ki fara da na nan Gusau, ki tambaya ko akwai wanda ya saba da tsuntsayen gida, idan kuma ana bukatar gwaji mai zurfi akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Doguwar tafiya tana wahalar da tsuntsu, saboda haka a fara aika hotuna a yi magana ta waya, sau da yawa jini da gashin kawai ake aikawa. Ki tafi da ambulan ɗin gashin, da takardar awon, da bayanin duk abin da yake ci. Amma idan kika ga ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji, ko ya ƙi abinci yini guda, ko jelarsa tana sama da ƙasa in yana numfashi, ko ya fara cizon fatarsa har ta yi rauni, to kada a jira mako ko hoto, a kai shi a ranar, domin tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa. Allah ya ba shi lafiya, Hajiya, a gaida maigida da yara.